Dajin Da Ke Ƙarƙashin Gonarka

Yau tarihin itatuwan ƙasar Maraɗi za mu ba ka: yadda suka yi yawa, yadda suka ƙare, da yadda suka dawo. Idan kai mutumin Gabi ne, ko na wani gari a gundumar Madarunfa, to tarihin gonarka ne za ka ji. Karanta sannu a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.

Amma kafin mu shiga tarihi, bari mu fara da zancen tatsuniya.

TATSUNIYAR GOBE

Ka san tatsuniya. Tsohuwa takan tara jikoki da dare, ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Tatsuniyarmu baya take duba, zamanin da ya wuce. To, akwai wata irin tatsuniya da marubuta suke yi, wadda ita gaba take duba. Marubuci zai zauna ya tambayi kansa: nan da shekara 100, yaya duniya za ta zama? Sai ya ɗauki abin da masana kimiyya suka sani, ya ƙara da nasa tunani, ya tsara labari. Ana ce da irin wannan ƙagaggen labarin kimiyya. Mu a nan za mu kira shi tatsuniyar gobe.

Har da Hausa an rubuta irinsa. A shekarar 1969 Umaru Dembo ya fitar da littafi mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da aka yi tafiya da shi sararin samaniya. A wannan shekarar ce kuma mutum ya fara taka wata da ƙafarsa.

Waɗansu marubutan ba tafiya sama ta dame su ba. Damuwarsu ƙasa ce, da ruwa, da itace. A shekarar 1965 wani ɗan Amurka mai suna Frank Herbert ya rubuta littafi mai suna Dune. Labarin wata duniya ce wadda duk hamada ce, ba a ruwan sama ko kaɗan. Mutanen wurin ba sa barin ko gumin jikinsu ya tafi a banza. Babban burinsu shi ne su shuka ciyawa a kan tuddan rairayi, daga ciyawa su kai ga itace, har wata rana jikokin jikokinsu su ga ƙasa ta yi kore.

A shekarar 2009 kuma wata mata ƴar ƙasar Kenya, Wanuri Kahiu, ta yi gajeren fim mai suna Pumzi. A cikinsa an yi yaƙin duniya saboda ruwa, komai ya bushe, mutane sun kulle kansu ba sa fita waje. Sai wata mata ta sami ƴar ƙasa mai rai da ƙwayar iri. Ta fita cikin hamada ta dasa shi, ta ba shi sauran ruwan da take da shi.

Ka lura da abu guda. A labaran nan biyu, ƙasa ta mutu sarai. Dole a kawo iri daga wani wuri a dasa, kuma dole a sami wani gwarzo da zai yi aikin. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Yanzu ga tarihi, wanda shi ba ƙage ba ne.

YADDA ƘASARMU TAKE A DA

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Katsina na da sun bar birninsu a shekarar 1807. Wajen shekarar 1819 suka kafu a Maraɗi, ƙarƙashin Sarki Ɗan Kasawa. A lokacin, kwarin Gulbin Maraɗi kurmi ne mai duhu. Wannan kurmi ya zama musu garkuwa, domin doki ba ya sukuwa a cikin sarƙaƙiya.

Shekara da shekaru ana yaƙi tsakanin Maraɗi da ƙasashen da ke kudu da ita. Saboda tsoron hari, mutane ba sa nisa da garuruwa masu ganuwa. Filin da ke tsakani ya zama daji, namun daji suna yawo a ciki. Manomi yakan noma gona shekara kaɗan, in ta gaji ya bar ta saura ta huta, ya yi sabon sassabe a gaba. Ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne.

Kakanninmu sun san darajar itace. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a shekarar 1884. An ce ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har wanda ya sare shi yana iya rasa ransa. Sarki ba zai kafa irin wannan doka a kan abin banza ba. Ya san hatsi ya fi kyau a gindin gawo.

YADDA ITATUWA SUKA ƘARE

Da Faransawa suka kama mulki, yaƙi ya ƙare. Mutane suka bazu cikin daji, suka kafa sababbin garuruwa da tungaye. Wannan alheri ne. Amma abubuwa uku sun biyo baya, waɗanda suka haɗu suka cinye itatuwa.

Na farko doka ce. A shekarar 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta sa daji a hannun hukuma, ta kuma lissafa waɗansu itatuwa da ba a taɓa su sai da takardar izini. Bayan samun mulkin kai, dokar daji ta shekarar 1974 ta bi sawun ta farko. Niyyar masu dokar ita ce a kare itace. Amma dubi yadda abin ya zama a gona. Manomi ya ga ɗan gawo ya tsiro. In ya bar shi ya girma, ba nasa ba ne. Ran da ya sari reshe, malamin daji zai ci shi tara. In kuma wani ya zo da dare ya sare, mai gona za a fara tambaya. To, me zai yi? Sai ya kashe shi tun yana ƙarami, ya huta.

Na biyu gujiya ce, wato gyaɗa. Ana biyan haraji da kuɗi, kuɗi kuwa a wurin gujiya suke. Ƙasar Maraɗi ta zama gidan gujiya. A shekarar 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayenta. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture, ba tsiro, don garmar shanu ta wuce ba cikas. Wanda ya bar sabara a gonarsa sai a ce rago ne.

Na uku yawan jama'a ne. A shekarar 1960 mutanen Nijar duka ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba. Suka yi ta ƙaruwa. Gona ta daina samun hutu. Kowace shekara kafin damina, a sassabe duk abin da ya tsiro, a tara, a ƙone.

Ana cikin haka sai fari ya zo. Daga shekarar 1968 ruwa ya fara ja da baya, abin ya yi tsanani a 1973. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Yunwar nan tana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974.

Tambayi tsofaffin garinku yadda gonaki suka koma a waɗannan shekaru. Mutum yana iya tsayawa a bakin gari ya hango wani gari, ba abin da ya tare masa ido. Iska ta sami hanya. In an yi shuka, rairayi ya taso ya yanke tsiro ko ya binne shi, sai a sake, wani lokaci har sau uku ko huɗu. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki. Da ya gagara, suka koma ƙona kara da kashin shanu. Kara da kashin shanu kuwa su ne abincin gona. Ka ga an ci tuwon yau da takin baɗi ke nan.

MAFARKIN KATANGA

Tun kafin wannan fari, akwai masu ilmi da suka yi mafarkin tare hamada. Wani Baturen Ingila masanin daji, mai suna Stebbing, ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar a shekarar 1934. Da ya koma gida ya ce Sahara tana tafiya kudu, za ta cinye gonakin Hausawa. Ya ba da shawara a yi doguwar katangar itatuwa a tare ta.

Maganarsa ta tayar da hankali. Ingila da Faransa suka haɗa masana suka bi iyakar ƙasashen biyu, a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Suka dawo suka ce ba su ga hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Inda ƙasa ta lalace, aikin mutane ne a wurin ya lalata ta. Amma zancen katanga ya fi daɗin ji, saboda haka bai mutu ba. A shekarar 1952 wani Baturen, Richard St. Barbe Baker, ya ƙetare Sahara a mota, shi ma ya dawo da wannan shawara.

Bayan farin 1973 aka shiga dashe gadan-gadan. Daga shekarar 1975 ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dasa itace a Nijar. Aka buɗe wuraren renon itace. Aka raba dogon yaro da turare a cikin ƴan ledoji. Ƙasashen waje suka zuba kuɗi masu yawa.

A waɗansu wurare an ci riba. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, kuma sun kama. Inuwar da kake sha a kasuwa da bakin makaranta, da yawa daga wannan dashe ta fito. Amma a gonakin tudu mafi yawan abin da aka dasa ya mutu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin dashe shi ne lokacin noma, manomi ba shi da sukuni. Ɗan itacen leda saiwarsa gajera ce, ga rani na wata takwas yana jiransa. Wanda ya tsira daga rana, akuya ta cinye. Wanda ya tsira daga akuya, gara ta ci. Kuma har yanzu ba a amsa babbar tambaya ba: in ya girma, na wane ne?

ABIN DA AKA GANI A SHEKARAR 1983

A shekarar 1981 wani saurayi ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi aikin gona ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Shi ma dashe aka sa shi. Ya yi shekara biyu yana kai itatuwa ƙauyuka, suna mutuwa.

Wata rana a shekarar 1983, yana kan hanya da mota cike da ƴan itatuwa, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gona, irin wanda kowa yake wucewa. Ya matsa ya dubi ganyen. Sai ya gane ashe ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana nan da rai, yana fitar da tofo. Ya ɗaga kai ya duba gabas da yamma. Irinsa ba su ƙidayuwa. Kowace shekara suna tofowa, kowace shekara ana sassabe su.

Ka ga inda tarihi ya rabu da tatsuniya. Ƙasar Maraɗi ba ta mutu ba. An aske mata kai ne kawai. Daji yana nan a ƙarƙashin gona: saiwar sabara, da kalgo, da taramniya, da geza, da magarya. Waɗansu saiwoyin sun girmi mai gonar. Sun riga sun nutse ƙasa inda danshi yake, ba sa bukatar ban ruwa.

Kada ka ɗauka Bature ne ya ƙago wannan ilmi. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ba sabon abu ba ne. Manoma sun daɗe da sanin cewa kututture yana tofo, kuma a ƙasar Damagaram akwai masu renon gawo a gonakinsu ba tare da kowa ya koya musu ba. Abin da ya ɓace shi ne dalilin da zai sa mutum ya bar tofon ya girma.

Ya fara da manoma wajen goma. Aka yi musu dariya. Waɗansu ma an bi dare an sare musu abin da suka bari.

YUNWAR 1984

Sai ga farin 1984. A wannan shekara Najeriya ta rufe iyakarta, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, shi ya sa mutane da yawa a Nijar suke kiran wannan yunwa da sunansa. Mutanen bakin iyaka, irin na Gabi, sun fi kowa sanin abin da rufe iyaka yake nufi a shekarar da rumbu ba kome.

A watan Mayu na shekarar, gwamnati ta tara babban taro na ƙasa a birnin Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Taron ya amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa.

A ƙauyuka kuwa, ƙungiyar su Rinaudo ta shiga rabon abinci a garuruwa kusan 100. Ta sa sharaɗi: wanda zai karɓi hatsi, ya bar tofo a gonarsa ya gyara shi. Ta kuma nemi malaman daji na yankin su yarda cewa wanda ya reni itace a gonarsa zai amfana da shi ba tara. Cikin ɗan lokaci aka bar itatuwa wajen 500,000.

Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya tsaya. Me kake tsammani ya faru? Wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Mutane sun yi aikin don hatsi ne, ba don sun yarda ba. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya yi wa'azi. Waɗanda suka bar nasu suka ga hatsinsu bai ragu ba. Suka ga ba su sake shuka sau uku ba. Matansu suna samun itacen girki a gona. Har rara ake samu a kai kasuwa. Maƙwabci ya leƙo, ya gani, ya koma gonarsa ya yi shiru ya kwaikwaya. Gani ya kori ji. Waɗanda suka sare nasu, da yawa suka sake farawa, wannan karon ba wanda ya ba su ko tiya ɗaya.

SASSABEN ZAMANI

Sunan da aka ba wannan aiki shi ne sassaben zamani. Ba ya bukatar kuɗi. Adda ko gatari mai kaifi ya isa.

In ka zo sassabe, kada ka share komai. Dubi kututturen da ya yi tofo. Zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Abincin da saiwa take raba wa rassa 30, yanzu biyar za ta ba. Shi ya sa suke girma da sauri, fiye da duk wani itacen leda. Shekara mai zuwa kana iya sare ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar sabon tofo ya maye gurbinsa. Haka gona za ta riƙa ba ka itace kowace shekara, uwar tana nan.

Wani zai ce inuwa tana hana hatsi. Gaskiya ne, in itace ya yi yawa kuma ba a gyara shi. Shi ya sa ake rage rassa. Amma dubi gawo. Shi da damina yake kaɗe ganyensa, lokacin da hatsi yake son rana. Ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar maka kashi. Sabara da kalgo kuma suna tare ƙurar da iska ta ɗebo, ƙasa mai kyau ta taru a gindinsu.

Wahalar aikin ba a sara take ba. A tsaro take. Itacen da ka rena shekara uku, ɓarawo zai sare shi a dare ɗaya. Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun yi suna a kan maganin wannan. Sun kafa kwamitin gari mai tsaron itatuwa, suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya, suka yi dokokinsu da kansu. Makiyayin da aka zauna da shi aka yi doka ya fi kiyaye ta bisa wanda aka kora.

ABIN DA HOTO YA NUNA

Shekara 20 abin yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, manyan duniya ba su sani ba. Sai wajen shekarar 2004 waɗansu masana suka fara bincike. Cikinsu akwai Gray Tappan daga Amurka, da Chris Reij daga Holan, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar. Suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarar 1975, suka gwada su da sababbi. Inda a da fili ne fari fat, yanzu ɗigo-ɗigon itatuwa ne ko'ina.

Da suka yi lissafi, suka ce gonakin da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Itatuwan kuwa sun kai wajen miliyan 200. Sun kuma kiyasta cewa hatsin da ake samu ya ƙaru da wajen tan 500,000 a shekara. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, kuma ya taimaka. Amma ruwa ba ya hana gatari. Manomi ne ya ɗaga hannunsa.

Itace bai kori yunwa daga Nijar ba. A shekarar 2005 an sake shiga wahala, kuma jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani. Sai dai mai itace a gona yana da abin sayarwa: itacen wuta, da ganye, da abincin dabbobi. Wanda ba shi da shi, sai ya sayar da akuya, ko ya jinginar da gona.

Doka ma ta biyo bayan manoma. A 1992 aka ba ƙauyuka ikon kafa kasuwannin itace na karkara. A 1993 aka yi dokar karkara. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan renon tofo, wadda ta tabbatar da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. A shekarar 2018 kuma aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso da ya farfaɗo da mataccen fili da ƴan ramukan taki.

Mafarkin katanga fa? Ya sake dawowa. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince a yi katangar itatuwa daga Dakar zuwa Jibuti, tafiyar kilomita wajen 8,000. Da aka duba aikin a shekarar 2020, abin da aka yi bai wuce kashi 4 cikin 100 na abin da aka yi niyya ba. Masu aikin da kansu sun sauya tunani. Sun rage zancen layi ɗaya na dashe, sun sa irin aikin manoman Maraɗi cikin hanyoyin da za a bi.

GABI DA BABBAN RAFI

Yanzu mu dawo gida. Allah ya ba ƙasar Gabi abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga Gulbin Gabi, wanda ruwansa yake gangarawa tafkin Madarunfa. Ga dajin Babban Rafi, wanda yana cikin manyan dazuzzukan da suka rage a jihar Maraɗi. A shekarun 1990 har giwaye suna ƙetarowa cikinsa daga Najeriya. Yau sai dai labari.

Dajin nan yana ɗauke da kaya mai nauyi. Birnin Maraɗi yana girma, kuma da itace yake girki. Masu neman sabuwar gona suna gutsurarsa daga gefe. Dabbobi suna kiwo a ciki. A shekarun baya-bayan nan kuma ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi garuruwan bakin iyaka, har shiga daji ya zama abin tsoro. A ƙidayar 2012 mutanen jihar Maraɗi sun haura miliyan 3, kusan adadin mutanen Nijar duka a 1960. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa biyar ke rabonta.

A nan akwai tarko. Mutumin da yake kusa da daji yakan ga kamar ba ya bukatar renon itace, tun da ga shi nan a banza. Haka kakannin mutanen arewa suka gani, kafin nasu ya ƙare. Duk damin itacen da matarka ta samu a gonarka, dami ne da ba a ɗebo daga Babban Rafi ba. Itatuwan tudu kuma suna riƙe ƙasa. In babu su, ruwa yana kwashe rairayi ya zuba a gulbi, daga gulbi ya wuce tafki, tafki ya riƙa cikewa. Masuncin Madarunfa da manomin Gabi, ashe igiya ɗaya ta ɗaure su.

Kuma ka sani, dajin da ke ƙarƙashin gona ba ya jira har abada. Kututturen da ake sarewa ana ƙonewa kowace shekara, wata rana zai gaji ya mutu. Wanda aka tone aka cire, ya tafi ke nan. A lokacin sai an koma ga leda da ban ruwa, ka kuwa ji yadda wannan ta kaya.

KAI MA KA YI TAKA

Da a ce a shekarar 1984 wani ya tashi a dandalin gari ya ce nan da shekara 20 itatuwa miliyan 200 za su tsaya a gonakin nan, ba tare da an dasa su ba, da an ce tatsuniya yake yi. Ga shi ya faru. Ba injin da aka kawo daga waje. Manoma ne, maza da mata, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba.

Kai kuwa yanzu ka iya karatu da rubutu. Ɗauki littafinka da alƙalami ka tafi gona kafin sassaben bana. Ƙirga kututturen da ke da tofo. Rubuta sunan kowane iri da adadinsa, ka sa kwanan wata. Baɗi ka sake ƙirgawa. Ka rubuta dammunan hatsin da ka samu kowace shekara a gefe. Bayan shekara biyar, littafin nan zai gaya maka gaskiya, ba sai ka ji daga bakin kowa ba.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ajinku:

1. Waɗanne itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani, waɗanda yanzu babu su?

2. In an sare wa mutum itacen da ya rena, wa yake kai wa ƙara a garinku? Akwai mata da makiyaya cikin masu yanke shawara?

3. Yaron da aka haifa bana, in ya kai shekara 40, me kuke so ya gani in ya tsaya a bakin gari ya dubi gonaki?

Amsar tambaya ta uku, ku rubuta ta a takarda, ku ba malaminku ya ajiye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.